Rawar Gada Ta Biyu

Tungar Kabo, ta Gaya
8 ga Satumba, 1955

Zuwa ga Yayana Yakuba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin ƙasa a Faraku. Yaya idonka da ƙurar gawayi ta dama? Inna ta ce in tambaye ka ko kana sa kwallin da ta aika maka, ko kuwa ka jefa shi ƙasan akwati kamar yadda ka saba. Mu nan duk lafiya, sai gwiwar Inna da ke tashi in an yi ruwa. Gwaggo Hajara tana gaishe ka, ta ce wai tun da ka fara cin doya ka manta da masu tuwon shinkafa.

Yaya, akwai abin da ke damuna, kuma ban san wanda zan gaya wa ba sai kai, tunda kai ne ka san halin ƙarfe.

Ka tuna reshen kogin nan da ya raba mu da tsibirin shinkafa, inda Baba, Allah ya jiƙansa, yake ƙetarar da mu a kwalekwale? To an yi masa gada. Ba ta dutse ba ce. An kafa ginshiƙi biyu a wannan gaɓa, biyu a waccan, aka ja igiyoyin ƙarfe biyu masu kaurin hannuna daga gaɓa zuwa gaɓa, aka rataya katakai a ƙarƙashinsu da sandunan ƙarfe. Na ƙirga takuna a kanta, ɗari da goma sha biyu. Faɗinta na mutum ɗaya ne da kayansa. Wani Anasara ne ya zo daga Dosso ya tsara ta, Malam Alfari maƙeri kuma shi ne shef, wato shugaban ma'aikata.

Da aka gama, an ce sun jibge mata buhunan yashi daga farko har ƙarshe, ta ɗauka ba ko ƙara. Amma da ma'aikata suka bi ta kai a guje, sai ta kama lilo, cikinta yana sauka yana tashi. Anasaran ya sa aka nutsar da manyan duwatsu a tsakiyar ruwa, aka ɗaure tsakiyar gadar da su da sarƙa. Sannan ya tsaya daidai kan sarƙar riƙe da moɗa cike da ruwa, ya sa mutane suna tsalle, ko ɗigo bai zuba ba. Kowa a gari ya san labarin moɗar nan. Daga nan ya shiga motarsa ya koma Dosso.

Shekaranjiya da hantsi ina wanki a bakin ruwa, sai ga wani ya koro jakuna biyu da sassarfa zai ƙetare. Ina duƙe, idona daidai da katakan, don haka na ga abin da na tsaye ba zai lura da shi ba. Rabin gadar da jakunan ke kai yana sauka, ɗaya rabin da babu kowa yana tashi. Sai wannan ya tashi, wancan ya sauka. Tsakiyar kuwa, inda sarƙa take, tana tsaye cik kamar ba ruwanta. Har jakunan suka fita ba ta daina ba, sai da na ƙirga ashirin da uku.

Sabulu ya suɓuce mini, ruwa ya tafi da shi, ban ma sani ba.

Dalilin tsorona shi ne na taɓa ganin wannan a lakol, makarantarmu ta boko. Madam mai koya mana fizik, wato ilimin motsin abubuwa, ta taɓa ɗaura igiya tsakanin kujeru biyu, ta rataya mata duwatsu uku. Ta ce dutse ɗaya rawa ɗaya gare shi, amma duwatsu uku a igiya ɗaya rawa uku gare su, kowace da saurinta. A ta farko duka suna sauka tare, su tashi tare, na tsakiya ya fi kowa nisa. A ta biyu na dama yana sauka, na hagu yana tashi, na tsakiya bai motsi. A ta uku na gefe biyu suna sauka, na tsakiya yana tashi. Ta ce gada ko dogon gini kamar duwatsu ne masu yawa da aka ɗaure da juna, rawarsu ba ɗaya ba ce, kuma kowace rawa tana jiran wanda zai tura ta daidai saurinta. In aka dace da saurin, ko turin ƙarami ne sai ya yi ta taruwa.

Yaya, in ban yi kuskure ba, sarƙar nan rawa ta farko ta kashe. Ta biyu tana nan, domin an ɗaure ta ne a wurin da dama ba ta motsi. Mai moɗa kuma a nan ya tsaya.

Watakila ni ce ban gane ba. Shekarata uku kawai da fara wannan karatu, shi kuwa Anasaran an ce ya yi gadoji da yawa. Don Allah ka tambayi manyanku a wurin aiki, ka rubuto mini. Zan ba Sule shofer mai tuƙa mota wannan takarda gobe in zai ƙetare zuwa wajenku.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Barira

Tungar Kabo
21 ga Satumba, 1955

Zuwa ga Yayana Yakuba,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya damina a wurinku? Inna tana sa maka albarka. Ban ga amsarka ba har yanzu. Sule ya ce ya bar takardar a hannun wani abokinka, wai kun tafi gyaran hanya can kudu. Duk da haka zan rubuta, domin in na rubuta ƙirjina yana ɗan sauka.

Ruwa ya cika sosai, ja wur, yana gudu da itatuwa a kansa. Shinkafar tsibiri ta fara sunkuyar da kai. An tsai da ranar ɗaukar fari, Alhamis ta biyu a cikin watan gobe. Ka san yadda ake yi: mata su ɗauko kwandunan yankan farko a ka, a jere, manya a gaba, ƴan mata a baya, Gwaggo Hajara tana ba da waƙa. Manya su ce "Mun kawo," su buga ƙafa a ƙasa. Ƴan mata su amsa "A buɗe rumbu," su ma su buga tasu. Da a kan tudun gona ake yin ta, in an zo ruwa a shiga kwalekwale a yi shiru. Bana kuwa sun ce da waƙar za su ƙetare gada tun daga tsibiri har ƙofar rumbu, don maƙwabtanmu mutanen garin Tanda su ji labari. Mata arba'in da ɗoriya. Inna tana cikinsu, kuma ka san ba ta iya iyo ba.

Ga abin da na yi. Na so in auna saurin rawar gadar. Da farko na gwada da bugun jijiyar hannuna, amma da zarar na kalli gadar sai zuciyata ta kama gudu, awon ya lalace. Sai na tuna da wata dabarar Madam. Na ɗaura ɗan dutse a zaren saƙa, na riƙe shi yana lilo. Dogon zare yana lilo a hankali, gajere da sauri, kuma shi ba ya jin tsoro. Kwana huɗu ina zuwa wanki da kayan da ba su yi datti ba. Duk sa'ad da aka koro dabba ko wani ya wuce da sauri, sai in yi ta rage zaren ina ƙarawa har lilonsa ya zo daidai da saukar rabin gadar da tashinta. Da na samu na ƙulla ƙulli a wurin. Bai kai kamu ɗaya ba. Na sake gwadawa sau shida, kullum yatsana a kan ƙullin yake tsayawa.

Jiya da la'asar mata suka taru a tsakar gidan Gwaggo suna bitar waƙa, don ƴan matan da za su fara ɗauka bana. Ni ma an sa ni, tunda ina gida hutu. Na ce kaina na ciwo, na zauna a bayan turmi. Ban yi niyyar komai ba, wallahi, zaren yana ɗaure a gefen zanena ne kawai. Na ciro shi, na riƙe a kan ƙulli, na sake dutsen.

Yaya, dutsen ya je dama, manya suka buga ƙafa. Ya dawo hagu, ƴan mata suka buga. Dama, manya. Hagu, ƴan mata. Na bi su har baiti goma, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Ka duba yadda abin zai kasance. Sa'ad da manya suka cika rabin gada na wajen gari, ƴan mata suna cike da rabin wajen tsibiri. Waɗannan su danna nasu rabin, ya sauka, wancan ya tashi. Yana gama tashi zai fara sauka, sai ƴan mata su danna shi. Ko da gangan aka nemi a tayar da rawa ta biyu ba za a sami hanyar da ta fi wannan ba. Jakuna biyu ne suka sa ta motsin da na gani. Ina ga mata arba'in da kaya a ka?

Na ƙura wa dutsen ido har Zalika ƙawata ta taɓa goshina ta ce ko masassara ce. Da muka koma gida na kasa cin tuwo. Inna ta ce, "Ke dai lakol ta ƙara miki shiru a kan shirunki." Na buɗe baki zan gaya mata, sai na ga tana shafa man kaɗanya a gwiwa tana rera waƙar a hankali, tana murna. Na kasa.

Gobe in Allah ya yarda zan je wurin Malam Alfari. Ka san ko a aji in Madam ta kira sunana sai murya ta maƙale. Ka yi mini addu'a.

Taka ƙanwa,
Barira

Tungar Kabo
4 ga Oktoba, 1955

Zuwa ga Yayana Yakuba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Takardarka ta iso ranar Lahadi, na karanta wa Inna sashen gaisuwa, ta yi ta murna, sauran kuwa na karanta ni kaɗai. Na gode da ba ka yi mini dariya ba. Abin da ka ce, wai ku ma akwai gadar da ba a yarda jirgi ya bi ta da wani irin gudu, sai ko ƙasa da shi ko sama, ya ƙara mini ƙarfin zuciya, ya kuma ƙara mini tsoro. Na so a ce ka rubuto cewa na yi kuskure.

Na je wurin Malam Alfari. Na same shi a maƙera da mutane huɗu suna hira. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "A'a, ƴar lakol, yau kuma lauje za a ƙera miki ko alƙalami?" Na ce, "Baba, a kan gada ne." Duk maganar da na shirya kwana biyu ta watse. Na ce tana rawa. Ya ce, "Da tana yi. Mun ɗaure ta." Na ce akwai wata rawar. Ɗaya daga cikin masu zaman ya ce, "To a kira mata makaɗa mana." Suka kwashe da dariya. Malam Alfari bai yi dariya sosai ba, amma ya ajiye guduma ya ce, "Ƴata, kowace ƙusa a gadar nan ta bi ta hannuna. Da idona na ga moɗa a hannun Anasara, ko ɗigo. Kin fi shi karatu ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To gai da Innarki." Zaren yana cikin tafin hannuna, har na fito ban nuna masa ba. Na yi kuka a hanya don haushin kaina.

Na yi tunanin rubuta wa kumandan, Anasaran da ke mulki a Gaya. Na fara har sau uku cikin kayena, littafin rubutuna na faransanci, na yage. Ko ta isa, kafin a aika Dosso a dawo an gama girbi.

Sai na bi shawararka, na je wa Gwaggo Hajara. Ka ce ita ce mai waƙa, ba Anasara ba. Amma ka san bakinta. Na tarar tana shanya, na ce, "Gwaggo, ara mini igiyar shanyarki." Ta ce, "Ikon Allah, yau kurma ta yi magana." Na cika ƴan goruna uku da yashi na rataya a igiyar. Ban yi dogon bayani ba, don na san zan rikice. Na girgiza igiyar a hankali, gorunan suka sauka tare suka tashi tare. Na ce ta kama na tsakiya. Ta kama, rawar ta mutu. Ta ce, "To, ga sarƙar Alfari, sai me?" Na ce kada ta saki. Na danna na dama da yatsa ɗaya, sannan na hagu, sannan na dama, ina rera "Mun kawo, a buɗe rumbu" a ƙasan murya. Kafin baiti na biyar gorunan gefe suna tsalle har yashi na zuba, na hannunta kuwa shiru.

Ta kalli hannunta, ta kalli gorunan. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce in riƙe tsakiyar, ita ta danna. Ta yi da saurin waƙa, suka yi tsalle. Ta yi a hankali, ba su kula ba. Ta yi da sauri ƙwarai, ba su kula ba. Ta koma saurin waƙa, goran dama ya tsinke ya fashe a ƙasa.

Ta ce, "Kamar tulu ne. In takunki ya zo daidai da kaɗawar ruwa, sai ya yi miki wanka, dole ki sauya taku." Na ce haka ne, Gwaggo. Ta ce, "Shi Anasaran bai taɓa ɗaukar tulu ba, shi ya sa."

Na roƙe ta a koma kwalekwale. Ta ce kwalekwale biyu suka rage a gari, sauran an sayar tun da aka yi gada, kuma ruwan bana ba na wasa ba ne. Na ce to a ƙetare biyar biyar. Ta ce yankan fari ba a raba jerinsa, tun kakanni a jere yake shiga gari, ba za a fara yanka shi a hannunta ba. Abin da ta yarda da shi ɗaya ne: za a yi waƙa har bakin gada, a yi shiru a kanta kamar yadda ake yi a kwalekwale, kowa ta yi tafiyarta, sai an sauka a ɗora. Ta tara masu ɗauka ta gaya musu, ta ce duk wadda ta buga ƙafa a kan katako za ta gamu da ita. Ba ta ce daga wurina maganar ta fito ba, na kuwa gode mata.

Ya kamata hankalina ya kwanta, amma bai kwanta ba. Ƙafar da ta shekara talatin tana bin waƙa ɗaya, ban san ko shiru zai ishe ta ba. Na roƙi Inna ta zauna a gida saboda gwiwarta. Ta ce tun tana amarya ba ta taɓa fashin ɗaukar fari ba, har shekarar da take da cikinka. An ba ta wuri na goma sha ɗaya a jeri. Na lissafa, Yaya. Sa'ad da jeri ya cika gada, tana daidai inda rabin wajen gari ya fi sauka. Ni kuma an sa ni farkon ƴan mata.

Saura kwana tara. Ka gai da abokanka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Barira

Tungar Kabo
16 ga Oktoba, 1955

Zuwa ga Yayana Yakuba,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana lafiya. Kafin komai: Inna tana da rai, tana lafiya, tana zaune kusa da ni yanzu tana tsince shinkafa. Babu wanda ya mutu. Na fara da wannan don na san labari zai riga takardata zuwa, kuma a bakin matafiya ƙaruwa yake yi.

Ranar Alhamis muka ƙetara tsibiri da sassafe, a warwatse, ba abin da ya faru. Da hantsi aka ɗaura kwanduna, aka jeru, Gwaggo ta ɗaga waƙa. Muna isa bakin gada ta ɗaga hannu, kowa ta yi tsit. Manya suka hau ɗaya bayan ɗaya. Ba ka jin komai sai kukan katako da gudun ruwa. Na hau a bayansu ina kallon ɗankwalin Inna mai shuɗi a can gaba. Gadar tana ɗan motsi, amma kaɗan. Har na fara cewa a raina Allah ya rufa asiri.

Abin da ba mu yi tunani ba, ni da Gwaggo, shi ne tsofaffin da ke jira a gaɓar gari, waɗanda suka daina ɗauka. Su ba wanda ya gaya musu. Suka hango yankan fari yana zuwa shiru kamar an ɗauko gawa. Daga baya ɗayarsu ta ce gabanta ne ya faɗi, ta ga ba kyau. Sai ta ɗaga murya daga gaɓa, "Mun kawo!" Sauran tsofaffin suka kama, yara suka amsa, maza suka fara tafi.

Babu wadda ta yi waƙa a kan gada, na rantse. Amma ƙafafu suka ji. Na ga kafaɗun manya sun daidaita a gabana, na ji takun ƴan mata ya haɗu a bayana. Ba su ma buga da ƙarfi ba. Da gadar ta fara sauka da tashi, sai ita kanta ta riƙa ba su lokaci, domin in katako ya taso maka dole ka taka shi.

A lokacin na iso tsakiya, kan sarƙa. Yaya, abin da ya fi ba ni tsoro a rayuwata shi ne wannan: ƙarƙashin ƙafata shiru ne. Da moɗa ce a hannuna, ko ɗigo ba zai zuba ba. Amma a gabana kawunan manya suna nutsewa har in ga mutanen gaɓa ta samansu, sai su taso su rufe mini gari. Na waiga, ƴan mata suna can sama, sai ga su ƙasa. Kowane zuwa ya fi na baya. Igiyoyin ƙarfe suka fara wani kuka siriri. Shuɗin ɗankwalin Inna yana ɓacewa yana fitowa.

Ban san yadda aka yi ba. Na sauke kwandona a kan katako, na zauna a gicciye na tare hanya, na rungume ƙafafun Zalika da ke bayana. Na yi ihu, "Ku zauna! Ku zauna ƙasa!" Zalika ta ce ba ta taɓa sanin ina da irin wannan murya ba. Ni ma ban sani ba, har yau maƙogwarona bai warke ba. Ta zauna, ta ja ta bayanta, haka har ƙarshen jeri. Rabin turin ya yanke.

Amma manya suna tafe, waƙa tana tashi daga gaɓa. Sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Sandar ƙarfe ɗaya ta tsinke daidai inda Inna take, katako ya karkata, gwiwarta ta lanƙwashe. Na ga kwandonta ya tafi cikin ruwa. Ita ban gan ta ba.

Gwaggo ce ta kashe waƙar. Tana gaba, ta juyo, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, doguwa, ba ta yanke ba har numfashinta ya ƙare, ta ja ta sake. Ka san guɗa ba ta da taku, ba mai iya binta da ƙafa. Ta danne waƙar, masu tafi suka rikice suka tsaya. Sannan ta daka tsawa, "Kowa ta durƙusa, don ubanku!" Suka durƙusa.

Gadar ba ta tsaya nan da nan ba. Muna zaune tana kai mu tana kawowa, a hankali tana ragewa. Na ƙirga don kada in suma, na kai hamsin da takwas. Da kawuna suka sauka sai na hango Inna kwance a kan katako, hannunta ɗaya a naɗe da igiyar gefe, ƙafarta ɗaya tana reto a kan ruwa, matar da ke bayanta ta riƙe ta da zane. Da rarrafe aka fitar da ita. Muka sauka biyar biyar, Gwaggo da kanta take ƙirgawa. Ba wanda ya yi maganar raba jeri.

Kwando uku ruwa ya ci. Hannun Inna ya kuje, igiya ta yanke ta a dantse, an sa magani.

Jumma'a bayan an sauko masallaci Malam Alfari ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Na ɓuya a ɗaki, Inna ta ce in fito. Ya ce, "Ƴar lakol, Hajara ta ce kina da wani zare." Muka je bakin ruwa, mutane na biye da mu, ni kaina a ƙasa. Na nuna masa ƙullin, na nuna masa wurare biyu da suka fi sauka, ɗaya a kowane rabi. Ya je ya tsaya a kan sarƙa, ya sa mutum uku suna tsalle a gefe, sannan ya taka zuwa inda sandar ta tsinke ya sake tsayawa. Da ya dawo fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ashe a inuwarta muka tsaya muna cewa ba rana." Ya ce zai ɗaure wuraren biyu, zai kuma aika Dosso. Ya tambaye ni ko shi ke nan. Na ce ban sani ba, Baba. Na gaya masa gaskiya, ranar Alhamis na ga katakan suna kuma karkata gefe da gefe kamar ana murɗa wanki, ita wannan ban auna ta ba, kuma ban san ko nawa suka rage ba. Ya ce to kafin Anasara ya zo, mutum biyar biyar, ba gudu, ba waƙa. Ya kafa gungume a kowace gaɓa don a riƙa jira.

Jibi zan koma lakol. Na sa zaren cikin wannan takarda, ka nuna wa manyanku, ka tambaye su yadda ake gano sauran rawar tun kafin mutane su hau. Na ƙulla wani na bar wa Gwaggo.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin ɗankwalin nan yana nutsewa. Na roƙi Inna kada ta ƙara hawa gadar. Jiya da safe sai ga ta ta ɗauki lauje, wai shinkafa ba za ta yanke kanta ba. Na bi ta. Ta kama gefen zanena muka hau, tana ɗingishi, taku dogo, taku gajere. Da muka zo inda aka sauya katako ta tsaya ta dubi ruwa, sannan ta dube ni ta ce, "Daina kuka, Barira. Gwiwar nan tawa ta daina bin waƙar kowa." Muka ƙetare.

Tana gaishe ka, ta ce ka sa kwallin.

Ni ce ƙanwarka,
Barira